Gafakar Zamani: Dukawa Da Teloli Sun Shiga Kasuwar Gidan Kwamfutar Hannu A Abuja

ABUJA — A shagunan sayar da wayoyi da ke Banex da Emab a unguwar Wuse II, ciniki ba ya ƙarewa a kan na'ura kaɗai. Da zarar mai saye ya biya kuɗin kwamfutar hannu, wato wadda aka fi sani da tabilet, tambayar da ke biyo baya ita ce ta gidan da za a sa ta a ciki, domin kowa ya san faɗuwa ɗaya a kan siminti ta isa ta tarwatsa gilashin fuskarta, kuma kuɗin canja gilashin kan kai wani babban kaso na kuɗin na'urar kanta. Shekara da shekaru wannan ɓangare na kasuwa yana hannun kayan roba da ake ɗauko wa daga biranen Shenzhen da Guangzhou na ƙasar Sin. A 'yan shekarun nan kuwa, dukawa da teloli da matan da ke ɗinki a cikin gidajensu sun fara kutsa kai, suna ɗinka gidajen da fata, ko atamfa, ko saƙi, suna kai wa masu shaguna ko suna sayarwa kai tsaye ta WhatsApp da Instagram.

Abin da ya buɗe musu ƙofa ba ɓoyayye ba ne. A ranar 14 ga watan Yuni na 2023 Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin musayar kuɗi wuri guda, ya bar Naira ta nemi darajarta. Dalar Amurka da ake saya a kan kimanin Naira 460 a farashin gwamnati kafin wannan rana, ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024. Tun da yake Hukumar Kwastan tana lissafin kuɗin fito ne bisa farashin musaya na lokacin, ɗan kasuwan da ke shigo da kaya ya sha duka biyu, wajen saye da kuma wajen fitarwa daga tashar jiragen ruwa. Ya zuwa watan Disamba na 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin 100. A irin wannan yanayi, mai na'ura yakan ƙara riƙe tsohuwarsa da kyau, domin sabuwa ta yi masa nisa. Wanda kuma ya ƙudurta riƙe tsohuwa, shi ne farkon mai neman gida mai ƙwari.

Yawan masu amfani da na'urar ma ya ƙaru ƙwarai tun daga 2010, shekarar da kamfanin Apple ya fito da iPad. A yau, baya ga Samsung da Lenovo, akwai Tecno da itel da Infinix, waɗanda dukansu na kamfanin Transsion ne na ƙasar Sin, ga kuma tarin ƙananan na'urori na yara marasa sanannen suna. Rufe makarantun da aka yi a watan Maris na 2020 saboda annobar korona ya sa iyaye da yawa a Abuja sun saya wa 'ya'yansu, makarantu masu zaman kansu kuma suka mai da ita wani ɓangare na kayan karatu. Gwamnatoci ma sun shiga ciki. Jihar Osun ta raba wa ɗaliban sakandare na'urar Opon Imo a 2013, Hukumar Zaɓe ta yi amfani da na'urar BVAS a babban zaɓen 2023 wanda aka shirya a rumfuna 176,846, Hukumar Ƙidaya kuma ta tanadi dubban ɗaruruwan na'urorin hannu domin ƙidayar da aka shirya yi a 2023 kafin a ɗage ta. Ga ma'aikatan lafiya da na ƙungiyoyin agaji da ke shiga ƙauyuka suna tattara bayanai. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan na'urori tana bukatar abin da zai kare ta daga faɗuwa, da ƙurar hunturu, da ruwan damina.

Ga Bahaushe dai, ɗinka wa abin karatu gida tsohuwar sana'a ce. Alƙur'anin da aka rubuta da hannu a tsangaya warƙa-warƙa yake, ba a ɗinke shi. Ana haɗa warƙoƙin tsakanin marufai biyu masu tauri da aka lulluɓe da fata, wato tadarishi, a ɗaure da tsirkiya, sa'an nan a zura shi cikin gafaka, jakar fata mai murfi da maratayi wadda malami ko gardi yake saɓawa a kafaɗa ya yi tafiyar kwana da kwanaki. Wanda ya dubi wannan tsari da kyau zai ga cewa shi ne dai tsarin gidan tabilet na zamani: abu mai faɗi, mara kauri, mai tsoron lanƙwasa da danshi, an ba shi bango mai tauri a ciki, an kuma ba shi jaka mai laushi a waje. Hannun da ya saba yanka kube daidai da takobi, ya ɗinke laya ba tare da ya huda takardar ciki ba, ba baƙo ba ne ga aikin da ke bukatar awo.

Fatar ma tana da tarihinta. Baturen Jamus ɗin nan, Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya ba da labarin takalma da jemammun fatu da ake fitarwa daga birnin zuwa Arewacin Afirka. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda ake kiwon 'yar'uwarta a yankin Maraɗi, ita ce ta ƙetare Sahara ta isa Turai, inda aka laƙaba mata sunan fatar Maroko, kuma babban aikin da Turawa suka sa ta shi ne bangon littattafai masu daraja. Har yau majeman Ƙofar Wambai a Kano suna jima da bagaruwa, dukawa kuma suna rini da karan dafi idan ja ake so, da kuloko idan baƙi ne. Daga wannan kasuwa ta Ƙofar Wambai da kasuwar Kurmi ne fata da kayan fata masu yawa suke gangarowa Abuja, tafiyar fiye da kilomita 400 ta hanyar Zariya da Kaduna.

Gidajen da ake ɗinkawa a nan gida sun kasu kusan iri uku, kuma wahalarsu ba ɗaya ba ce. Mafi sauƙi shi ne na zurawa, mai kama da ambulan, wanda ake rufewa da zif ko murfi mai maɓalli. Tela duk da ya iya ɗinka jaka zai iya shi: yadi ko fata a waje, siririn soso a tsakiya, yadi mai laushi a ciki don kada ya karce gilashi. Na biyu shi ne mai buɗewa kamar littafi, wanda ake sa kwali mai ƙarfi a bangayensa biyu, a riƙe na'urar da igiyoyin roba huɗu a kusurwoyi. Na uku, wanda ya fi kawo kuɗi kuma ya fi wahala, shi ne mai murfin da ke naɗewa ya zama majingina, yadda za a tsayar da na'urar a kan tebur a yi kallo ko rubutu. Wannan sai an yanka kwalin murfin gida uku daidai wa daida, a bar tazara tsakaninsu gwargwadon yadda fatar za ta lanƙwasa. In tazarar ta yi yawa na'urar ta kife, in ta yi kaɗan murfin ya ƙi naɗuwa.

A nan ne matsalar awo take fitowa, kuma ita ce ke karya masu sana'ar da yawa. Mai saye yakan ce tasa inci 10 ce, baduku kuma ya ɗauka duk mai inci 10 girmansu ɗaya. Alhali kuwa incin da kamfanoni suke faɗa awon gilashi ne daga kusurwa zuwa kishiyarta, bai shafi tsawo da faɗin jikin na'urar ba. Misali, iPad mai inci 10.2 faɗinta kimanin santimita 17.4 ne, amma Galaxy Tab A8 ta Samsung, wadda incinta 10.5 ne, faɗinta kimanin santimita 16.2 ne kawai. Wato wadda ta fi yawan inci ita ce ta fi tsukewa. Gidan da aka yanka wa ta farko zai yi wa ta biyu yawa, ta riƙa yawo a ciki, ranar da ta zame kuwa aikin gidan ya tashi a banza. Ban da wannan, ramin kyamara, da na caji, da na lasifika, da maɓallan ƙara sauti, kowane kamfani da inda yake ajiye nasa, kuma sukan canja wuri daga wannan ƙira zuwa ta shekara mai zuwa. Masu sana'ar da suka ƙware sukan yanka samfurin kwali na kowace ƙira da ta zo hannunsu, su rubuta sunanta a jiki su rataye, yadda in an sake kawo irinta ba sai an fara awo daga farko ba. Tarin waɗannan kwalaye, ko da yake ba su da kyan gani, jari ne babba a shago.

Sauran abubuwan lura ƙanana ne, amma su ne ke sa mai saye ya dawo ko ya ƙaurace. Gilashi ya fi fashewa idan na'urar ta faɗi a kan kusurwa, saboda haka gidan da ya yi kauri a tsakiya ya bar kusurwoyi a fili ado ne kawai. Zif na ƙarfe yana gurje gefen na'ura in ba a ɗinka masa leɓe a ciki ba. Rinin da bai kama da kyau ba yakan zuba a hannu mai gumi ko a jikin farar riga, abin da ma'aikacin ofis a Abuja ba zai yafe ba. Fatar da jimarta ba ta nuna ba kuma takan yi wari idan damina ta sauka. Sai batun zafi: kamfanin Apple ya shawarci masu na'urorinsa da su yi amfani da su a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, zafin Abuja kuwa a watan Maris yakan haura haka, don haka gida mai soso da yawa wanda ya toshe ko'ina yana iya gajarta ran batir, musamman in ana caji na'urar tana ciki. Akwai kuma maganaɗisu da ake sakawa a murfi, wanda a wasu na'urori shi ne ke kashe fuska idan an rufe, ya kunna ta idan an buɗe. In aka ɗora shi a inda bai dace ba, sai fuskar ta riƙa mutuwa da kanta, mai na'ura ya kwasa zuwa wurin mai gyara yana zaton lalacewa ta yi.

Wani abin da ya kamata mai son zuba jari ya sani shi ne, kayan da ake kira na gida ba duka ne na gida ba. Zif, da maɓalli, da gam, da igiyar roba, da maganaɗisu, da ledar da ake yi ta yi kama da fata, har ma da yawancin atamfar da ke kasuwar Wuse da Kantin Kwari, akasarinsu daga waje ake shigo da su, kuma Dalar da ta tsadar da gidan roba ita ce dai ta tsadar da su. Abin da ke na gida tsantsa shi ne fata da aikin hannu. Ita ma fatar, mafi kyawunta ba ta cika tsayawa a ƙasar nan ba, domin manyan masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa da Bompai sun fi karkata ga masu saye na Italiya da Sifen waɗanda ke biya da kuɗin ƙasashen waje. Fatar shanu kuwa, kaso mai yawa nata yana ƙarewa a tukunya a matsayin ganda. Fatar akuya guda, bayan an zubar da gefe-gefe da wuraren da wuƙar mahauci ta yi ɓarna, gida biyu take fitarwa na na'ura mai inci 10, ko uku in an yi sa'a. Wannan shi ya sa gidan fata na gaske ba zai taɓa yin araha ba, kuma duk wanda ya ga ana sayar da shi a farashin na roba, to, ya shinshina da kyau.

Kuɗin haya a tsakiyar Abuja ya fi ƙarfin mai keken ɗinki guda, saboda haka yawancin aikin ana yin sa ne a garuruwan gefe kamar Kubwa, da Nyanya, da Karu, da Gwagwalada, da Mararaba ta Jihar Nasarawa, ko kuma a Kano gaba ɗaya, a ɗoro a mota. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu na 2023 ya ƙara kuɗin wannan jigila, ƙarin kuɗin wuta da aka yi wa 'yan rukunin A a watan Afrilu na 2024, lokacin da aka kai shi Naira 225 kan kowane ma'auni, ya taɓa masu keken lantarki da ke kan irin waɗannan layuka. Wurin da masu sana'ar hannu suka dogara da shi wajen haɗuwa da baƙi da masu yawon buɗe ido, wato Ƙauyen Sana'o'in Hannu da ke tsakiyar birni, ya yi gobara a watan Disamba na 2017, ya kuma daɗe a rufe bayan haka, abin da ya warwatsa 'yan kasuwarsa zuwa wurare dabam-dabam.

Idan aka zo ga gasa kuwa, gaskiyar magana ita ce baduku ba zai iya karawa da masana'antar Sin a kan farashi ba. Injin da ke zuba narkakkiyar roba a cikin ma'auni yana fitar da dubbai a yini, kowanne daidai da jikin na'urar, da ramukansa a inda suka dace. Amma wannan ƙarfi yana tafe da rauninsa. Ɗan kasuwa ba ya ɗauko gida sai na ƙirar da ke tafiya a kasuwa, domin na wadda ta kwanta zai zame masa kwantai. Saboda haka mai na'urar da ta shekara huɗu ko biyar, ko wanda aka aiko masa da tasa daga Ingila ko Dubai, ko uban da ya saya wa ɗansa wata mara suna, sai ya zagaye Banex hawa-hawa bai sami daidai da tasa ba. Waɗannan mutane suna da yawa, kuma su ne kasuwar farko ta mai ɗinki, tun da shi ba ruwansa da sunan ƙira, abin awonsa kawai zai ɗauko.

Kasuwa ta biyu, wadda ta fi tsoka, ita ce ta sari. Abuja gari ne na taro. Tun da hedkwatar ƙasa ta dawo nan a ranar 12 ga Disamba na 1991, da wuya mako ya wuce ba a yi taron bita ko na ƙara wa juna sani ba a wani otal, kuma al'adar raba jaka da littafin rubutu ga mahalarta ta kafu. Gidan tabilet na fata mai ɗauke da tambarin ma'aikata, ko na atamfa mai launin ƙungiya, kyauta ce da ke da daraja a idon baƙo, kuma abu ne da masana'antar Sin ba ta damu ta yi guda hamsin ko ɗari ba. Haka nan makarantar da ta sayi na'urori iri ɗaya ga ɗalibanta ta sauƙaƙa wa mai ɗinki aiki, domin awo ɗaya zai yi, ya yanka da yawa.

Bisa doka ma, akwai abin dogaro. Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 003, wanda Farfesa Yemi Osinbajo ya sa wa hannu a watan Mayu na 2017 yana muƙaddashin Shugaban Ƙasa, ya umarci ma'aikatu da hukumomi da su fifita kayan da aka yi a gida, ya kuma ware aƙalla kashi 40 cikin 100 na kuɗin sayen wasu rukunan kaya domin kayan da aka ƙera a cikin gida. A watan Mayu na 2025 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da manufar fifita kayan Nijeriya a sayayyar gwamnati. Sai dai tsakanin takarda da aljihun baduku akwai tafiya. Mai neman kwangilar Gwamnatin Tarayya sai ya nuna rajistar Hukumar Rajistar Kamfanoni, da takardar shaidar biyan haraji, da sauran takardun da Dokar Sayayya ta 2007 da ƙa'idojinta suka tanada, abubuwan da mai rumfa a Ƙofar Wambai bai cika mallaka ba. Abin da ke faruwa a ƙarshe shi ne, ɗan kwangila mai takardu ya karɓi aikin, ya ba masu ɗinki a kan ɗan abin da ya ga dama, ribar mai kauri ta tsaya a tsakiya. In kuma biya ya yi jinkiri, wanda ya ci bashin fata da zif shi ne ke kwana da fargaba. Haɗuwa a ƙungiyar gama kai mai rajista da asusun banki ita ce hanyar da ta fi kusa ga masu sana'ar, domin ita ce za ta ba su damar karɓar aiki da sunansu, su sayi kayan aiki a sari, su kuma tunkari Bankin Masana'antu ko Hukumar SMEDAN a matsayin jama'a.

Ko an sami aikin sarin, akwai jarrabawa ɗaya da ta rage, wato ta daidaito. Mai saye guda yana jin daɗi idan aka ce masa babu irin nasa a gari. Ma'aikatar da ta yi odar 300 kuwa so take na farko da na ƙarshe su zama kamar tagwaye, launi ɗaya, ɗinki ɗaya, kuma a kawo ranar da aka yi alkawari. Yankan almakashi da hannu ba ya ba da wannan. Masu takalma na kasuwar Ariaria a Aba sun daɗe da gane haka, shi ya sa suke amfani da ƙarfen yanka da injin rage kaurin bakin fata, kuma suke raba aiki, wannan ya yanka, wancan ya shafa gam, wani ya ɗinka. Cibiyar Nazarin Fata da Kimiyya ta Ƙasa da ke Samaru, Zariya, wadda asalinta ya faro tun 1964, tana koyar da irin waɗannan dabaru, kuma a 2021 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin aiwatar da manufar ƙasa kan fata da kayan fata. Ƙarfen yanka guda na ƙirar na'ura ɗaya, wanda maƙeri zai iya ƙerawa, ya isa ya mai da aikin yini uku ya koma na yini ɗaya.

Ga masu shaguna a Wuse da ke tunanin ajiye irin wannan kaya, na zurawa ya fi aminci, tun da girma uku kacal, ƙarami da matsakaici da babba, sun isa su ɗauki kusan duk na'urorin da ke kasuwa, kuma ba ya zama kwantai idan sabuwar ƙira ta fito. Mai buɗewa da mai majingina kuwa gara a bar su sai an yi oda, a karɓi rabin kuɗi a hannu, a kuma auna na'urar kanta maimakon dogara ga sunanta. Lokacin ciniki ma sananne ne: makarantu suna buɗe sabuwar shekarar karatu a watan Satumba, Baje Kolin Duniya na Abuja da Ƙungiyar 'Yan Kasuwa da Masana'antu ta birnin take shiryawa a harabarta da ke hanyar filin jirgin sama yakan zo a ƙarshen damina, ma'aikatu da kamfanoni kuma suna sayen kyaututtukan ƙarshen shekara tun daga Nuwamba. Wanda ke son kayansa su riski waɗannan lokuta, sai ya aika Kano neman fata tun watan Yuli, domin a tsakiyar damina jemammiyar fata tana daɗewa kafin ta bushe.